Ghana: Abin Da Ɗalibin Lauya Ke Karantawa A Aji, Da Abin Da Ya Tarar A Ƙofar Makola

A ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2025, shugaba John Dramani Mahama na ƙasar Ghana ya sauke babbar jojin ƙasar, Mai Shari'a Gertrude Torkornoo, daga kan muƙaminta, bayan da wani kwamitin bincike na mutum biyar ya ba da shawarar a yi hakan. Wannan shi ne karo na farko da aka cire babban joji tun lokacin da ƙasar ta fara aiki da tsarin mulkin 1992. Magoya bayan gwamnati sun ce an bi doka sau da ƙafa, yayin da 'yan hamayya suka ce an yi wa sashen shari'a karan tsaye.

Ga ɗaliban da ke koyon aikin lauya kuwa, batun ya wuce gardamar jam'iyyu. A ƙarƙashin dokar aikin lauya ta 1960, babban joji shi ne shugaban Babbar Majalisar Kula da Aikin Lauya, wadda aka danƙa wa ikon tantance wanda zai shiga makarantar horar da lauyoyi, da wanda za a rantsar ya sa baƙar riga da farar hula. Ke nan kujerar da 'yan siyasa ke ja-in-ja a kanta ita ce wadda ta daɗe tana riƙe da mabuɗin makomar ɗalibin. Shi ya sa ra'ayin ɗalibin lauya a Ghana game da makaranta, da siyasa, da kotu, ya kan zo a ƙulle wuri guda. Idan kuma ɗalibin ɗan zango ne, daga Nima ko Sabon Zango a birnin Accra, ko daga Aboabo a Kumasi, to labarin ya fi kusa da gida, domin da kakanninsa aka fara.

Shari'ar Sarkin Zango

Ɗaya daga cikin shari'o'in farko da ake koyarwa a darasin dokar tsarin mulki a jami'o'in Ghana ta shafi wasu dattawan zangon Kumasi su biyu, wato Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango, da Alhaji Usman Lardan. Dukkansu jiga-jigai ne a jam'iyyar Musulmi da ta haɗa kai da masu adawa da Kwame Nkrumah. A shekarar 1957, 'yan watanni kaɗan bayan samun mulkin kai, gwamnati ta ba da umarnin a kore su daga ƙasar, tana mai cewa baƙi ne. Su kuma suka garzaya kotu, suka ce su 'yan ƙasa ne haifaffun Ghana, dokar korar baƙi ba ta hau kansu ba.

Kafin kotu ta gama sauraron ƙarar, sai majalisar dokoki ta zartar da wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutanen biyu, wadda ta ba minista ikon korarsu, ta kuma kashe shari'ar da ke gaban alƙali. Aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Da aka ƙalubalanci wannan doka, sai kotu ta ce majalisa tana da ikon yin duk dokar da ta ga za ta kawo zaman lafiya da kyakkyawan mulki, kuma ba hurumin alƙali ba ne ya bincika hikimar da ke ciki.

A shekarar da ta biyo baya aka sake kwatawa. An kori Wahabi Balogun da wasu mutum uku alhali ƙararsu tana gaban kotu. A wannan karon alƙali ya sami ministan cikin gida, Krobo Edusei, da laifin raina kotu. Nan take majalisa ta yi dokar da ta wanke shi.

Daga nan sai ɗalibi ya kai ga shari'ar da babu lauyan Ghana da bai san ta ba, wato ta Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Sarkin Asante, wanda aka tsare tare da wasu mutum bakwai a ƙarƙashin dokar 1958 da ta halatta tsare mutum har shekara biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Dokta J. B. Danquah ne ya tsaya musu. Hujjarsa ita ce, alkawarin da tsarin mulki ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗauka na kare 'yancin jama'a doka ce da kotu za ta iya tilasta aiki da ita. A watan Agusta na 1961 kotun ƙoli ta ƙi amincewa. Ta ce alkawarin nauyi ne na ɗabi'a kawai, kuma wanda ya ga an saɓa shi sai ya nemi magani a akwatin zaɓe. Shi kansa Danquah an tsare shi da wannan doka, ya kuma rasu a kurkukun Nsawam a watan Fabrairu na 1965.

Babban jojin da ya jagoranci wannan hukunci, Sir Arku Korsah, bai tsira ba. A watan Disamba na 1963, wata kotu ta musamman da ya shugabanta ta wanke wasu tsofaffin na hannun daman Nkrumah da aka zarga da hannu a harin bom na Kulungugu. Cikin 'yan kwanaki aka sallame shi, sa'an nan a farkon 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta ba shugaban ƙasa ikon korar alƙalai.

Ɗalibin da zai ɗauka cewa laifin na ɓangare guda ne, sai ya juya shafi. Dokta Kofi Busia, wanda ya jagoranci 'yan hamayya a lokacin da aka kori dattawan zango, ya zama firayim minista a 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama wa'adin mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutane suka kwashe ya-nasu-ya-nasu, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su san wata ƙasa ba. Mutanen zango sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago. A 1970 kuma, bayan da gwamnatin ta sallami ma'aikata 568, ɗaya daga cikinsu mai suna Sallah ya kai ƙara ya kuma yi nasara, amma sai Busia ya fito a gidan rediyo ya ce babu kotun da za ta tilasta wa gwamnati ta ɗauki wanda ba ta so aiki.

Wannan ne ya sa ɗalibi ɗan zango ke da dalilin yin taka-tsantsan da manyan gidajen siyasar ƙasar guda biyu. Kowannensu ya yi kukan a bi doka lokacin da yake hamayya, kowannensu kuma ya take ta da ya hau mulki.

Gumaka uku a harabar kotu

A harabar kotun ƙoli da ke Accra akwai gumakan alƙalai uku: Cecilia Koranteng-Addow, da Fred Poku Sarkodee, da Kwadwo Agyei Agyepong. A daren 30 ga watan Yuni na 1982, wata shida bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na biyu, aka sace su daga gidajensu tare da wani tsohon hafsan soja, Manjo Sam Acquah. Daga baya aka tsinci gawawwakinsu a filin atisayen soja na Bundase, an harbe su, an kuma yi yunƙurin ƙone su. An yanke wa wasu hukuncin kisa a kan lamarin, cikinsu har da Joachim Amartey Kwei, tsohon ɗan majalisar mulkin soja ta lokacin. Tun daga nan ƙungiyar lauyoyin Ghana take tunawa da su kowace shekara a wannan rana.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1992 sun yi aikinsu da wannan tarihi a zuci. Sun keɓe babi guda ga haƙƙin ɗan Adam, suka kuma ba kotu ikon tilasta aiki da shi, wato abin da Danquah ya nema aka hana shi. Ba a jima ba aka gwada. A ƙarshen 1993, yayin da Rawlings ke kan mulki a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, kotun ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa kashe kuɗin gwamnati wajen bikin tunawa da juyin mulkin 31 ga Disamba ya saɓa wa tsarin mulki. A cikin shekarar ce kuma ta ce ba a bukatar izinin 'yan sanda kafin a yi zanga-zangar lumana.

Yawancin ɗaliban yau ba a haife su ba a lokacin. Abin da suka gani da idanunsu shi ne shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2012, wadda aka watsa kai tsaye ta rediyo da talabijin har tsawon watanni. A ranar 29 ga Agusta na 2013 mafi rinjayen alƙalai tara da suka saurari ƙarar suka tabbatar da nasarar Mahama, Nana Akufo-Addo kuma ya fito ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. A watan Maris na 2021 sai reshe ya juya da mujiya: Mahama ne ya kai ƙara, alƙalai bakwai suka yi watsi da ita baki ɗaya. Sau biyu ke nan rikicin kujerar shugaban ƙasa yana ƙarewa a zauren kotu, abin da ɗaliban lauya ke alfahari da shi in sun dubi wasu ƙasashen yankin.

To amma a tsakanin shari'o'in biyu an yi abin kunya. A shekarar 2015 ɗan jaridar nan mai binciken ƙwaƙwaf, Anas Aremeyaw Anas, ya fito da hotunan bidiyo da ya ɗauka a ɓoye, waɗanda suka nuna alƙalai da ma'aikatan kotu suna karɓar kuɗi, wasu har da awaki, domin su karkatar da hukunci. Alƙalai fiye da 30 aka ambata. Kafin ƙarshen shekarar an kori 20 daga cikin na ƙananan kotuna, daga baya kuma wasu na babbar kotu suka bi su. Bahaushe ya ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba; a waɗannan kotuna dai, mai kuɗi ya riga ya sani.

Ƙofa guda, jama'a dubbai

Duk wannan karatu ɗalibi yana yin sa ne a jami'a, inda zai sami digirin farko a fannin doka. Amma digirin bai isa ya tsaya gaban alƙali ba. Tun daga 1958, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ghana, wadda aka fi sani da Makola saboda maƙwabtakarta da babbar kasuwar nan ta Accra, ta nan kaɗai aka daɗe ana bi a zama lauya. Shekaru da dama ba a sami matsala ba, domin jami'ar Legon ce kawai ke yaye masu digirin doka, kuma makarantar tana iya ɗaukarsu. Daga farkon shekarun 2000 sai jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu suka rinƙa buɗe sassan koyar da doka ɗaya bayan ɗaya. Masu digiri suka ninka, gurbi a Makola bai ƙaru yadda ya kamata ba, ko da yake an buɗe mata rassa a Kumasi da kuma wani ɓangaren Accra.

A 2012 majalisar kula da aikin lauya ta ɓullo da jarrabawar shiga, haɗe da ganawar baka. Farfesa Stephen Kwaku Asare, ɗan Ghana mai koyarwa a Amurka, ya kai ƙara, kuma a watan Yuni na 2017 kotun ƙoli ta ce sharuɗɗan biyu ba su da tushe a dokar da ake aiki da ita. A shekarar da ta biyo baya aka yi sabuwar ƙa'ida da ta halatta jarrabawar, aka soke ganawar baka.

A 2019 mutum 1,820 ne suka zauna jarrabawar, 128 suka ci. A ranar 7 ga Oktoba ɗalibai suka fito kan titi da jajayen ƙyallaye, suka nufi fadar shugaban ƙasa domin miƙa takardar koke. 'Yan sanda suka tare su da motocin feshin ruwa da hayaƙi mai sa hawaye da harsasan roba, aka kuma kama wasu daga cikinsu. Waɗannan matasa ne da suka karanta hukuncin 1993 kan 'yancin zanga-zanga, wasu ma sun amsa tambaya a kansa a jarrabawa.

Hujjar ɗaliban ita ce, ba zai yiwu a ce cikin kowane mutum ɗari da jami'o'in da gwamnati ta amince da su suka yaye, bakwai ne kaɗai suka san doka ba. A ganinsu, yawan kujerun da ke aji shi ke tsara yawan waɗanda za su ci. Sun kuma koka da cewa ana sa su rattaba hannu kan takardar alkawarin karɓar sakamako ba tare da neman a sake duba takardunsu ba, alhali darasin farko da aka koya musu shi ne kada a yanke wa mutum hukunci sai an saurare shi. Sun nemi a ba jami'o'i damar koyar da kwas ɗin aikin lauya, a kuma raba hukumar da ke koyarwa da wadda ke shirya jarrabawa.

Hukumomi na da tasu hujjar. Babbar jojin lokacin, Mai Shari'a Sophia Akuffo, ta ce muddin tana kan kujera ba za ta bari a rinƙa ƙera lauyoyi barkatai kamar kayan masana'anta ba, domin lauyan da bai ƙware ba haɗari ne ga wanda ya ɗauke shi, kamar yadda likitan da bai ƙware ba yake ga majinyaci. Masu wannan ra'ayi sun yi nuni da cewa wasu sababbin sassan doka ba su da isassun malamai ko ɗakunan karatu.

A 2021 rigimar ta sake tashi. Cikin mutum 2,824, an ce 790 ne suka ci. Sai wasu 499 suka gano cewa sun sami rabin maki ko fiye, wanda shi ne ma'aunin da aka sani, amma aka ƙi ɗaukarsu bisa wani sharaɗi da suka ce ba a sanar da su ba kafin jarrabawa, wato sai mutum ya sami rabin maki a kowane ɓangare na takardar. Suka yi zanga-zanga, wasu suka tafi kotu. Majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin a ɗauke su, ministan shari'a Godfred Dame ya ce majalisar ba ta da ikon ba da irin wannan umarni. A ƙarshe sai da shugaba Akufo-Addo ya sa baki kafin aka ba su gurbi. Darasin da ɗaliban suka ɗauka mai ɗaci ne: haƙƙin da suka yi imani doka ta ba su, 'yan siyasa ne suka karɓo musu shi.

Wa ke naɗa alƙali?

Tambayar da ta fi tayar da gardama a azuzuwan doka ita ce ta naɗin alƙalan kotun ƙoli. Tsarin mulkin 1992 ya ce kotun za ta ƙunshi babban joji da wasu alƙalai da ba su gaza tara ba, amma bai sa iyaka ta sama ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗawa, bisa shawarar majalisar harkokin shari'a, da tuntuɓar majalisar dattawan ƙasa, da amincewar majalisar dokoki. A lokacin mulkin Akufo-Addo, jam'iyyar NDC ta zarge shi da cika kotun da mutanensa. Da Mahama ya dawo mulki a 2025 ya naɗa sababbin alƙalai bakwai, sai jam'iyyar NPP ta maimaita wannan zargi a kansa. Masana doka da dama a ƙasar sun daɗe suna kiran a sa iyaka ga yawan alƙalan, a kuma rage ikon shugaban ƙasa a wajen naɗawa da cirewa.

Ga talaka kuwa, abin da ya fi damunsa ya fi wannan kusa. Akwai waɗanda suka shafe shekaru a kurkuku suna jiran shari'a, takardunsu sun ɓace, ba lauyan da zai tuna da su. Saboda su ne aka ɓullo da shirin kai kotu cikin gidajen yari a 2007. Yawancin lauyoyin ƙasar suna zaune ne a Accra da Kumasi, yayin da gundumomi da dama a arewa ke fama da ƙarancinsu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ɗalibai ke kafawa a kan masu cewa lauyoyi sun yi yawa.

Bukatar zango

A unguwannin zango ƙarancin masu sanin doka yana bayyana ne a al'amuran gida. Dokar auren Musulmi da Turawan mulkin mallaka suka yi a 1907 ta bukaci a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su halarta. Kaɗan ne ke yin hakan, da yawa ma ba su san da dokar ba, sai ranar da rigima ta kai su kotu. Haka nan dokar rabon gado ta 1985 ta shafi duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, ko wane addini yake bi, kuma kason da ta tsara ya bambanta da na shari'ar Musulunci. Iyalai sukan raba gadonsu a gaban malamai cikin lumana, amma da zarar magaji guda ya ƙi yarda ya tafi kotu, sai labari ya sha bamban.

Tsohuwar tambayar nan ta 1957, wato wane ne ɗan ƙasa, ita ma ba ta mutu ba. A watan Yuni na 2020, a shari'ar da ta shafi sabuwar rajistar masu zaɓe, kotun ƙoli ta bayyana cewa takardar haihuwa ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba. Mai suna Garba ko Hadiza, wanda aka saba yi wa tambayoyi fiye da kowa a wurin rajista, ya san nauyin wannan magana. A cikin wannan shekarar ce kuma aka rantsar da Mai Shari'a Issifu Omoro Tanko Amadu a kotun ƙoli, inda kafofin watsa labaran ƙasar suka bayyana shi a matsayin Musulmi na farko da ya kai wannan matsayi, shekara 63 bayan samun mulkin kai.

A shekarar 2025 ministan shari'a Dominic Ayine ya bayyana shirin gwamnati na kawo ƙarshen bin ƙofa guda, ta yadda jami'o'in da aka tantance za su koyar da aikin lauya da kansu, sa'an nan kowa ya zauna jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya. Wannan shi ne kusan abin da ɗalibai suka sha hayaƙi a kansa a 2019. Abin da masu lura da al'amura ke cewa za a zuba ido a gani shi ne wanda zai tsara tambayoyin jarrabawar, da wanda zai duba takardun, da kuma ko ɗalibin da aka ce ya faɗi zai sami damar ganin takardarsa.